Wa Inna Ta Kira?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma mahaifiyata ta riga mu komawa ran wata Laraba kafin la'asar, ana tsakiyar yankan gero. Ni ce 'yar farinta, kuma ni kaɗai ce mace cikin 'ya'yanta biyar. Na shekara talatin ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, a Yamai, don haka in za a rubuta wani abu don kada a manta da ita, ni ya kamata in rubuta, ko da yake ita in ta samu takarda daddawa take ƙunsawa a ciki.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Filinge da Tabla, amma gidan ya cika har ya tumbatsa. Mata sun zo a amalanke, wasu a ƙafa da ƙaiƙayin gona a kawunansu. Matar maƙwabcinmu ta yi ta kuka tana tambaya wa zai riƙa yanke wa jarirai cibiya yanzu, don rabin garin a hannun Inna suka faɗo. Liman ya yi addu'a gajeriya, kuma na lura bai ko kalli wajen gawon da ke bayan gidanmu ba. Babban ƙanena, wanda ya bar gemu ya ɗage wando tun da ya dawo karatu daga Sakkwato, ya yi hawaye na gaskiya, amma na san shi tun yana tsumma: akwai wani sauƙi a fuskarsa, irin na wanda aka sauke wa kaya.

Sai da aka dawo daga maƙabarta wasu tsofaffi mata biyar suka shigo. Ba carbi a hannunsu. Aka shimfiɗa musu tabarma, suka ƙi, suka zauna a ƙasa a gindin rumbu. Masu kuka suka rage murya. Babbarsu, wadda ake ce wa zima, ita ke shugabancin 'yan bori a yankinmu. Ta aiko aka kira ni, ta yi mini gaisuwa a taƙaice, sannan ta ce:

"Ke ka wajen da rai yah hita. Wa tak kira?"

Dole in tsaya in yi bayani don waɗanda ba 'yan ƙasarmu ta Kurfai ba. A dangin uwata akwai Doguwa. Iska ce, a gawon nan take zaune, kuma mata take bi, daga uwa zuwa ɗiya. Wadda ta hau ana ce mata goɗiyarta, ita ke zuba mata nono, ita ke ajiye mata ƙwarya da baƙin zane. Inna ce goɗiyarta shekara hamsin da wani abu. Abin da tsofaffi suka ce shi ne Doguwa ba ta jin sunan kowa sai a bakin goɗiyarta, kuma sunan macen da goɗiya ta kira a ƙarshe kafin ta cika, ita ce magajiya. In ba ta kira kowa ba, Doguwa za ta zaɓa da kanta cikin waɗanda ta sani, kuma zaɓenta ba da lallashi ba ne. Ƙanwar Inna, wadda muke ce wa Iya, tana jan ƙafar hagu tun tana shekara tara. Likita zai ce shan inna ne. Mutanen garinmu ma haka suke cewa, sai dai su sun san wace Inna suke nufi, don Doguwa ma Inna ake ce mata.

Na dubi zima na ce Inna ba ta kira kowa ba. Ƙarya na yi, kuma zan zo ga dalili. Iya da ke zaune kusa ta dafe gwiwarta ta hagu. Zima ta daɗe tana kallona, sannan ta ce za su dawo ran sadakar bakwai, in tuna da kyau kafin nan, don gida mai mata ba a barin sa haka a buɗe.

Abin da nake so a sani game da Inna shi ne ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko sau ɗaya. Na san za a ce ai kunyar ɗan fari ce, kowace Bahaushiya tana yi. Gaskiya ne, amma kowace kunya tana da ranar hutu. Ƙawayena 'yan fari, in ba kowa a tsakar gida, uwayensu kan yi musu laƙabi, ko su ja su jiki. Tawa kuwa ko laƙabi ban samu ba. "Ke" ce sunana. In ina nesa sai ta tura ɗaya daga cikin ƙannena ta ce ya kira "waccan". Akwai wata yarinya a unguwarmu mai suna irin nawa, ita ma ta shiga uku, don Inna ta mayar da ita "ɗiyar mai jaki" har ta yi aure ta haifi 'ya'ya. In mata suka tsokane ta cewa abin nata ya yi yawa, sai ta ce suna igiya ne, wanda ka kira ka ɗaure shi, ita kuwa ba ta kiwon mutane.

Ba mace ce mai ɗaure fuska ba, kada a yi mata wannan zaton. Mace ce doguwa siririya, da tsagen Kurfai a kumatunta, ga baki kamar reza. Ran kasuwar Filinge, Lahadi, in ta tsaya cinikin gishiri sai mutane sun taru, don za ta zagi gishirin, ta zagi raƙumin da ya ɗauko shi, ta koma ta tambayi lafiyar uwar mai gishirin, a rabu ana dariya. Tana salla biyar, tana azumi, kuma duk daren Juma'a kafin magariba tana zuba nono a gindin gawo. Da ƙanena ya fara yi mata wa'azi a kan haka, sai ta saurare shi har ya gama, ta ce ya yi gaskiya, amma shi wa'azinsa a gaba yake, abin da ke bayan gida kuwa ita ta san shi. Da kowa tana wasa da dariya, ni kaɗai ce in na shigo ɗaki sai ta sami abin yi a waje.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, ina da shekara bakwai. Ba a daɗe ba aka aiko wa maigari cewa kowane gari zai ba da yara a sa lakkwal, har da mata. Ranar da motar ta zo da soja biyu da wani mushe, wato malamin lakkwal, mai tabarau, garin ya zama kamar an yi shara. Uwaye sun ɓoye ɗiyansu a rumbuna, wata ma a cikin tulun ruwa aka cusa ta. Ni ina laɓe bayan turmi, sai na ji hannu a ƙeyata. Inna ce. Ta tura ni har gaban maigari, ta ce a kai ta, kuma a kai ta nesa. Ta juya ta koma daka. Mata suka yi ta zancen shekara da shekaru, wai kunya ta sa ta zubar da ɗiya. Ni ma haka na ɗauka. A gidan wani ɗan uwan Baba a Filinge na girma, ina wanke-wanke ina karatu, kuma a raina na rubuta cewa uwata ba ta so na.

Bayan shekara tara aka yi farin nan da ya kori mutane daga Sanam da arewa, suka cika bakin Filinge da bukkoki. Baba ya tafi bida, wato ci-rani, can Kurmi, bai aiko da komai ba. Ina gida hutu aka ce soja na raba jar dawa a filin gidan kumandan mai mulkin Filinge. Dokar ita ce kowace uwa ta zo da 'ya'yanta, ta kira sunan kowa da bakinta, yaro ya matso, a zuba tiya ɗaya. Muka yi layi tun hantsi. Da aka zo kanmu, Inna ta kira ƙannena huɗu ɗaya bayan ɗaya, aka zuba. Sojan ya nuna ni da bakin bulala ya ce wannan fa? Ta ce ta gidanmu ta. Ya ce sunanta. Ta ƙi faɗa.

Matan baya suka yi ta gaya masa 'yar fari ce, ba a faɗa. Ni kuma, don in nuna na je lakkwal, na faɗa masa sunana da Faransanci. Ya ce in rufe masa baki, uwa aka ce ta faɗa, oda oda ce. A zamanin nan ba a yi wa mai kaki gardama, mutum kan ɓace a kan abin da bai kai wannan ba. Ya sake tambaya, ta dubi ƙasa. Ya zuba mata bulala a kafaɗa sau biyu, har zanenta ya zame. Ta gyara zanen, ta ɗauki tiya huɗu ta aza a ka, muka juyo. A hanya na yi ta kuka ina ce mata ta gwammace in mutu da yunwa da ta faɗi kalma ɗaya. Ta ci gaba da tafiya. Washegari ta ce tana da ramuwar azumi, kuma wannan ramuwa ba ta ƙare ba sai da hutuna ya ƙare. Tuwon da nake ci nata ne, ina gani, amma fushi bai bar ni na gane ba sai da na girma.

Haka take alherinta, ta bayan gida. Duk ran da zan koma Yamai, sai Iya ta biyo ni tasha tana jan ƙafa da ƙullin kuka da daddawa da man shanu, ta ce wai Inna ta ce a ba direba. Da na haifi ɗiyata ta fari, ba wanda ya kira ta, sai ga ta a ƙofar gidana a Yamai da damin ganye. Kwana arba'in tana yi mini wankan jego da ruwan da zai iya fige kaza, kuma ba ta dubi idona ba ko sau ɗaya. Da bango take magana. Sai ta ajiye kwano ta ce a gaya wa mai ɗakin nan kunun kanwa na hucewa.

Jaririyar kuwa ta rungume ta kamar ta mayar da ita ciki. Tsakanin kaka da jika ba kunya, sai wasa, kuma sun yi shi son ransu. Duk hutu yarinyar sai ta ce a kai ta Kurfai. Inna tana ce mata 'yar Yamai mai ƙafar kaza, wadda ba ta iya ɗaukar tulu ba, ita kuma tana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Na yi shekara ashirin ina jin wannan wasa ban lura ba cewa ita ma 'yar Yamai ce kawai, ba a taɓa kiran sunanta na yanka ba. Ni kuwa, mace mai ilimin zamani, sai in tsaya tsakar gidan nan in ƙwala wa ɗiyata kira da cikakken sunanta, don in nuna wa Inna yadda ake yi. Ita dai sai ta dubi wajen gawo ta ci gaba da tankaɗe.

Ciwon ajalinta ya fara da damina. Muka zo ni da ɗiyata, wadda a lokacin take karatun aikin jinya. Da jiki ya yi nauyi, sai Inna ta daina magana gaba ɗaya. Ba harshe ne ya mutu ba, don muna jin ta tana salati a hankali. Da hannu take nuna ruwa, da ka take amsa gaisuwa. Kwana tara tana haka. Iya ce ta ja ni gefe ta fassara mini: yayarta ta yi niyyar tafiya ba ta kira kowa ba, kuma tun ranar da aka haife ni take wannan shiri. Mace ɗaya ta haifa. In Doguwa ba ta taɓa jin sunan ɗiyar ba, ba ta taɓa jin na jikar ba, to ko ta tashi zaɓe ba ta san kowa ba, sai ta haƙura ta bar gidan. Wannan dabarar Inna ce ita kaɗai, ba wanda ya taɓa gwadawa, kuma Iya kanta ba ta san ko za ta ci ba.

Da ina da hankali da na yi shiru na gode wa Allah. Amma abin da aka hana ka shekara hamsin ba ya jin bayani. Ran Larabar nan da hantsi na shiga ɗakinta na durƙusa, na ce mata ni ban yarda da iskoki ba, na yi karatu, na je Makka, in Doguwa na so na ta zo ta same ni. Na ce:

"Inna, sau ɗaya tak. Ki kira ni in ji, ko da a kunne ne."

Ta dube ni, karo na farko da na tuna ta dube ni ido cikin ido. Ta kama leɓenta na ƙasa da haƙori ta girgiza kai. Na faɗa mata maganar da har in mutu ina nadamarta, na ce to ta tafi da shi kabari ta ga ko zai yi mata fitila. Na fita na bar ta. A ƙofa na ce wa ɗiyata ta shiga ta ba kakarta fura, ni na gaji.

Ban yi nisa ba, ina jingine da bangon ɗakin. Ƙwaryar furar tana ƙasa kusa da gado, an rufe ta da faifai. Yarinyar ta miƙa hannu za ta ɗaga faifan, ashe wata baƙar kunama na maƙale a gefensa, Inna na kwance tana ganinta. Sai na ji muryar da ban ji ba kwana tara, da ƙarfi kamar ta mai lafiya. Sunan ɗiyata ta kira, sunan yanka, cikakke.

Na faɗa ɗakin. Yarinyar ta riga ta take kunamar da takalmi, tana dariya tana cewa ashe tsohuwa ta san sunanta. Inna ta toshe bakinta da hannu biyu. Sannan ta sauke hannun, ta juyo gare ni, leɓunanta suna motsi. Na kai kunnena. Iska kawai ke fita. Ban sani ba ko sunana take ƙoƙarin faɗa don ta kuɓutar da jikar, ko gafara take nema, ko salati ne. Ba ta sake yin sauti ba har ta cika. Kafin a sanar da mutane na kama hannun ɗiyata na sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa abin da kakarta ta ce ba. Ta rantse tana mini kallon wadda baƙin ciki ya taɓa wa kai.

Kwanakin zaman makoki ba su yi mini daɗi ba. Ƙanena ya ce zai ƙone ƙwaryar da baƙin zanen, ya sare gawon, amma ya zaga gari kaf ba wanda ya ara masa gatari, har abokan karatunsa. Ran kwana uku aka tarar da akuyar Inna a mace a gindin gawo, ba ciwo ba kumburi. Na ce wa kaina akuya ta ci leda ne, sun saba. Ran kwana biyar nonon da aka kawo sadaka ya tsinke tun kafin azahar. Na ce zafi ne. Ina da amsar kowane abu, don amsa ce sana'ata.

Ran sadakar bakwai da safe ɗiyata ta fito daga ɗaki tana ɗingishi. Ta ce ƙafarta ce ta yi nauyi, ta hagu, kwanan tabarma ne ba ta saba ba. Ta san aikin jinya, kuma wataƙila gaskiyarta ne. Amma na ga Iya ta bi ta da kallo har ta shiga bayan gida, sannan ta juyo ta dube ni, kuma na gane ta san komai.

Tsofaffin suka zo bayan an watse daga addu'a, suka zauna inda suka zauna da farko. Ban jira an kira ni ba. Na je na durƙusa gaban zima na ce na tuna, ni Inna ta kira.

"Ran Laraba kin ce ba ta kira kowa ba."

"Kunya na ji," na ce.

Duk garin an san bakin Inna bai taɓa ɗaukar sunana ba, bulalar soja ma ba ta fitar da shi ba. Sai Iya ta yi gyaran murya ta ce ita tana bayan ɗaki a lokacin, ta ji da kunnenta, har sau biyu yayarta ta kira ni. A ranar nan Iya tana gona, kowa ya sani. Zima ta dube ta, ta dube ni, sannan ta sa aka ɗauko ƙwaryar da baƙin zanen daga ɗakin Inna. Ta aza mini su a hannu, ta ce:

"Mu dai mun jiya. Saura ita Doguwa."

A ranar na sa ɗiyata a motar Yamai. Ni ban koma ba. Na ajiye aiki, ina ɗakin Inna, ina salla biyar, kuma ran Alhamis kafin magariba ina zuba nono a gindin gawo. Ƙanena ba ya cin abincin hannuna. Har yau ba abin da ya hau ni, ban ji komai ba, ban ga komai ba, kuma ban san ko wannan alheri ne ko akasinsa ba. Ɗiyata kan kira ni a waya duk Lahadi. Nakan tambaye ta ƙafa, ta ce da sauƙi, wani lokaci takan yi nauyi da safe. Makon jiya ta ce wata huɗu ke nan ban kira sunanta ba, sai "ke", ta tambaye ni me ta yi mini. Na ce mata layin ba kyau, ba na jin ta sosai.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yalwata mata kabari, Ya saka mata da yunwar da ta ji domina da bulalar da ta sha, Ya yafe mata nonon da ta zuba, don ba don kanta ta zuba ba. Ni kuma Ya yafe mini abin da na faɗa mata ran Laraba, Ya yafe mini ƙaryar da na yi gaban zima, Ya kuma sa wadda ke gawon nan ta yarda da ƙaryar.